Yadda ake sa tuffa ta yi huda a Legas, garin da ba sanyi

Duk tuffar da ka gani an kasa a tire a bakin titin Agege, ko an jera kwali-kwali a kasuwa, baƙuwa ce. Yawancinta daga Afirka ta Kudu take tasowa cikin kwantena mai sanyi, ta sauka a tashar jirgin ruwa, 'yan uwanmu su sara su kasa uku-uku. Ni ma na daɗe cikin wannan sana'a kafin ƙaiƙayin shuka ya kama ni. Yanzu ina da bishiya huɗu a cikin rabin duro a bayan ɗakina. Biyu sun taɓa ba ni 'ya'ya, ɗaya tana kan hanya, ɗaya kuma ni na cuce ta da hannuna, zan zo kan labarinta.

In faɗa maka gaskiya tun farko, kada gobe ka ce na ruɗe ka: Legas ba ƙasar tuffa ba ce. Asalin tuffa daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, wajen Kazakistan. A ƙasashen sanyi, idan kaka ta yi sai ta zubar da ganye ta kwanta barci, kuma ba ta farkawa da kyau sai ta tara sa'o'i masu yawa cikin sanyin da ke tsakanin digiri 0 da 7. Yawancin irin da ake nomawa a Turai na neman sa'a 800 zuwa 1,000, wasu ma fiye. Mu kuwa nan, ko a tsakiyar hunturu da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 20. Mai son gonar tuffa ta kasuwa ya nufi Jos ko tsaunin Mambila. Abin da zan koya maka na mai bishiya biyu ko uku ne a tsakar gida, wanda zai yi murna da ƙwarya guda ta 'ya'ya ƙanana, ko da ba su yi ja kamar na kwali ba.

To, tunda ba mu da sanyin da za mu ba ta, me ya rage? Wayo. Kuma ba ka iya yi wa bishiya wayo sai ka san abin da ke juya ta daga ciki.

Masu ba da umarni a jikin bishiya

Ƙanena da ya karanci aikin gona shi ya fara warware min. Ya zo hutu ya tarar da bishiyar farko ta miƙe sama kamar bulala, ganye sai a can ƙarshen reshe, sauran jiki tsirara. Ya ce, “Yaya, ba ciwo gare ta ba. Kan reshe ne ya danne na ƙasa da shi.”

A jikin kowane tsiro akwai wasu sinadarai 'yan mitsi-mitsi da shi kansa yake haɗawa, su ke cewa wannan ido (wato inda toho ke fitowa a jikin reshe) ya buɗe, wancan ya jira. Biyar ne manyansu. Oksin ana yin sa a kan reshe mai girma, yana gangarowa ƙasa yana hana idanun gefe tohowa. Ka san wannan ko ba ka san sunansa ba: sare kan zogale, mako biyu ka ga rassa sun fashe ta ko'ina. Ka cire mai danniya ke nan. Kishiyarsa sitokinin, mafi yawansa daga saiwa yake haurowa, shi ke tashin idanu daga barci. Sai jibaralin, mai sa tsawo. Wani masani ɗan Japan ne ya fara gano shi a 1926, a jikin shinkafar da wata cuta ke sa ta yi ta zuƙewa sama har ta faɗi ba hatsi. A tuffa, jibaralin abokin gaban huda ne, ka riƙe wannan da kyau. Na huɗu shi ne wanda ake kira ABA a taƙaice, mai sa barci, yana ƙaruwa idan bishiya ta ji ƙishi. Na biyar etilin, iska ce, ita ke nunar da ayaba idan ka rufe ɗanya da nunanniya a buhu ɗaya, ita kuma ke sa ganye da 'ya'ya su saki reshe. Kabayit ɗin da wasu ke cusa wa mangwaro kwaikwayon wannan iska yake yi, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa.

Babu mai kyau babu mugu a cikinsu. Rinjaye ne. Idan oksin da jibaralin suka yi rinjaye, ka samu itace da ganye. Idan girma ya lafa, abinci ya taru a reshe, sai idanu su juya su zama na fure. Duk matakan da ke tafe ƙoƙarin karkatar da wannan sikeli ne.

Mataki na farko: iri da mazauni

Kada ka shuka ƙwallon tuffar da ka ci. Zai tsiro, amma ba zai gaji uwarsa ba, zai iya cin shekara shida zuwa goma kafin ya yi tunanin fure, kuma jininsa na masu neman sanyi ne. Nemi dashe mai aure, wato wanda aka haɗa reshen irin da ake so a kan gindin wata tuffar, na irin da sanyi kaɗan ke isar sa. Biyu suka fi suna: Anna, wadda aka samar a Isra'ila, da Dorsett Golden, wadda aka samo a tsibiran Bahamas. Sa'a 200 zuwa 300 na sanyi ta ishi Anna. Sayi duka biyun, domin tuffa ba ta cika ɗaukar ciki da garin furenta ba, kuma waɗannan biyu lokaci ɗaya suke fure. Duba gurbin auren a gindin dashen da idonka. Wanda ba shi da tabon aure, bar wa mai shi kayansa.

Ƙasar Legas ruwa ne a ƙarƙashinta, tuffa kuwa ba ta son ƙafarta cikin ruwa. Saiwar da ta shaƙe ba ta aika sitokinin sama, daga nan ruɓa ta biyo baya. Raba duro biyu, huda gindinsa wuri takwas ko goma, ɗora shi kan bulo, zuba tsakuwa kaɗan, sannan ƙasa mai yashi gauraye da ruɓaɓɓen taki. Ajiye inda rana ke bugu aƙalla sa'a shida, iska kuma na ratsawa. Duron ma yana da wani amfani: yana taƙaita saiwa, bishiyar da saiwarta ta taƙaita kuwa ta fi saurin haihuwa.

Mataki na biyu: riƙe hannunka daga yuriya

A shekarar farko ba ta taki daidai gwargwado ta yi jiki. Daga shekara ta biyu, rage mai sa ganye. Duk wanda ya taɓa cika wa tumatir yuriya ya ga ganye shar ba 'ya'ya, ya san zancen. Kashin kaji ɗanye shi ma haka yake. In ganye ya yi kore har yana baƙi-baƙi, rassa na ta zuƙewa, ka daina zubawa.

Mataki na uku: lanƙwasa rassa

Nan ne rabin aikin yake, kuma kwabo ba ka kashewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A tuffa wannan ba karin magana ba ce kawai, umarni ne.

Reshen da ya miƙe tsaye, kansa ne sarki, oksin na kwarara daga sama yana rufe bakin kowa. Da ka kwantar da shi, ƙarfin kan ya karye, girma ya ragu, idanun da ke jere a jikinsa su samu sarari. Da yawansu za su fito da 'yan gajerun rassa kamar yatsa, waɗanda ba sa tsawo. A kan waɗannan 'yan yatsu tuffa ke yin mafi yawan furenta, kuma yatsa ɗaya na iya haihuwa shekaru. Kada wuƙarka ta taɓa su.

Ga yadda nake yi. Zaɓi rassa huɗu ko biyar da suka fuskanci kusurwa daban-daban, masu kaurin fensir zuwa ɗan yatsa. Da hantsi, lokacin da rana ta ɗan sa su laushi, kama gindin reshen da hannu ɗaya don kada ya tsage daga uwa, ɗaya hannun kuma ya riƙa murza shi a hankali yana saukar da shi. Ɗaure da tsumma ko yankin tsohon tub na babur, ka ja zuwa bakin duro inda ka huda. Waya da zaren leda suna cin ɓawo, kauce musu. A ƙananan rassa, ƙaramar gorar ruwa da ka zuba wa yashi ka rataya ta isa. Kai shi kusa da kwanciya, amma kan ya ɗan ɗaga sama kaɗan. In ka yi masa baka har kan ya kalli ƙasa, sai ƙattin toho masu miƙewa su fashe a kan doron, ka koma gidan jiya. Bayan wata biyu ko uku reshen ya sandare a haka, ka kwance.

Game da datsa kuwa: yanke kan reshe yana tayar da sabon girma mai ƙarfi, wato kishiyar abin da kake nema. In reshe ya yi cunkoso, cire shi gaba ɗaya daga tushe. In yana da amfani, lanƙwasa shi.

Akwai wata ƙaramar dabara ga reshen da ya yi tsirara. Nemi idon da kake so ya tashi, ka sa wuƙa mai tsabta sama da shi kaɗan, kamar faɗin ƙwayar shinkafa biyu, ka tsaga ɓawon a gicciye har ka ji itace, tsawon da bai wuce sulusin zagayen reshen ba. Ka datse hanyar oksin ke nan daga kan wannan ido, alhali ruwan saiwa na isa gare shi. Sama da ido, ba ƙasa ba. Ranar da aka yi ruwa kada ka yi, laimar Legas na sa rauni ya kamu da cuta.

Mataki na huɗu: ƙishirwa, sannan zage ganye

Wannan shi ne hunturun ƙarya. Manoman Batu, kusa da Malang a tsibirin Jaba na Indonusiya, da shi suke noman tuffa a ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba, har su girba sau biyu a shekara. Bayan girbi da kamar wata guda sai su zage ganyen kaf, bishiya ta fashe da fure. Manoman Kabale a Yuganda ma suna yi. Sai dai duka wuraren nan kan tudu suke, darensu da sanyi-sanyi, don haka kada ka sa ran namu zai kai nasu.

Hikimar ita ce, tsohon ganye na aika wa idon da ke hammatarsa saƙon ya ci gaba da barci. In ka cire ganyen kafin barcin ya yi nauyi, ido zai farka ba tare da ya nemi sanyi ba. Amma lokaci shi ne komai. Ka yi wuri, idanun ba su gama zama na fure ba, sai ganye kawai ka samu. Ka makara, barcin ya yi zurfi, ka zage ganye bishiya ta tsaya maka tsirara wata da watanni.

Alamar da nake dubawa: kan rassa ya daina fitar da sabon ganye, ya rufe da ido guda mai ƙiba. Idanun da ke kan 'yan yatsun nan sun kumbura, sun yi dunƙule, da ɗan gashi-gashi fari. Idon ganye siriri ne mai tsini, manne da reshe; idon fure ɓul-ɓul yake. Sa su kusa da juna sau ɗaya, ba za ka sake rikita su ba.

A lissafin Legas, ni nakan bi rani. Ruwan ƙarshe na ɗaukewa wajen Nuwamba. Daga nan sai in rage ban ruwa na mako uku zuwa huɗu, ba har ta mutu ba, a'a, har dai ganye ya riƙa yin laushi da rana ya farfaɗo da dare. Ƙishin nan ke tsayar da girma. Wajen tsakiyar Disamba, in hunturu ya ɗan leƙo, sai in zage. Kama kan reshe da hagu, ka tsinke ganye ɗaya-ɗaya da dama, kana kare idon da babban yatsa. Kada ka zage shi da ƙarfi kamar mai zage zogalen miya, za ka tafi da idanun. Kada ka bar ko ganye ɗaya, har na can ƙoli. Kwashe ganyen ka fitar daga wurin, domin cuta na kwana a cikinsa. A manyan gonaki suna ƙona ganyen da feshin yuriya mai kauri, amma mai bishiya uku me zai kai shi?

Ranar da na fara yi, Baba mai gidanmu ya tsaya ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da Hausarsa ta Agege, “Malam, wannan itace ya yi maka laifi ne?” Na ce, “Baba, a ba ni wata ɗaya.”

Bayan zagewa, shayar da ita sosai, ka ɗan ba ta taki. Cikin mako uku zuwa huɗu idanu za su fashe. Dalilin zaɓen wannan lokaci shi ne furen ya fito cikin Janairu, sararin sama a bushe. Furen da ya faɗo cikin ruwan Yuni, ruwa ya wanke garinsa, naman gwari ya cinye sauran. Anna na nuna cikin kamar wata huɗu, ka ga ke nan za ka tsinka kafin damina ta kankama. Zagaye biyu a shekara irin na Indonusiya, ni ban ba ka shawara ba. Bishiyar duro a zafin nan ba ta da wannan ƙarfin.

Mataki na biyar: fure

Ka zage Anna da Dorsett rana ɗaya don su yi fure tare. In ƙudan zuma na zuwa, ka huta. In ba sa zuwa, kuma a tsakiyar Agege ba kullum suke zuwa ba, ɗauki auduga a tsinke da safe ka shafa cikin furen wannan ka kai wa wancan. Kada ka yi feshin maganin ƙwari muddin fure na buɗe.

Mataki na shida: rage 'ya'ya, ko da zuciya ba ta so

Kowane ido na fitar da fure biyar ko shida a dunƙule, na tsakiya ya riga sauran buɗewa, kuma shi ya fi ba da babban ɗa. In duk suka kama, za ka ji kamar ka yi guɗa. To a nan ne mutane ke cin hudar baɗi.

Kowace tuffa na iya ɗaukar ƙwallo har goma, kuma ƙwallayen nan, tun suna ƙanana, jibaralin suke zubowa. Yana bi ta reshe ya isa idanun da ke kusa, ya hana su zama na fure. Tun a 1967 wasu masana biyu, Chan da Cain, suka nuna haka da irin tuffa mai iya yin 'ya'ya ba ƙwallo: marasa ƙwallo ba su hana fure na gaba ba, masu ƙwallo suka hana. Shi ya sa bishiya kan cika bana ta yi fashi baɗi. Masu mangwaro sun san irin wannan hali.

Maganin, ka rage da wuri, cikin mako huɗu zuwa shida bayan fure, lokacin da 'ya'yan ba su wuce girman gyaɗa zuwa ƙaramin goro ba. Bar ɗaya a kowane dunƙule, mafi girma da lafiya, ka sa tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin ɗa da ɗa a kan reshe. Yi da almakashi, ka bar ɗan ƙaramin karan a jiki. Ragewar da aka yi bayan wata biyu na ƙara wa sauran girma, amma hudar gaba ta riga ta tafi. A haihuwar farko ma, 'ya'ya biyar ko shida sun ishi ƙaramar bishiya.

Maganar kwalba

Na bar ta ƙarshe da gangan, domin ita mutane ke fara tambaya. Akwai magungunan da ke kwaikwayon sinadaran nan ko su toshe su. Fakulobutarazol, wanda ake sayarwa da suna Cultar, yana hana bishiya haɗa jibaralin, masu gonar mangwaro na amfani da shi. Etefon na sakin etilin. NAA oksin ne na kanti, da shi manyan gonaki ke kaɗe 'ya'yan da suka yi yawa. Promalin na taimaka wa ƙananan dashe su yi rassa. Dormex kuma na tashin idanu daga barci inda sanyi bai isa ba.

Duba ma'aunin NAA kaɗai ka ga inda haɗarin yake. Ana fesa shi wajen kashi 10 cikin miliyan, wato giram ɗaya na tsantsarsa a lita 100, rabin babban duro. Wa ke da sikelin auna wannan a tsakar gida? In ya zarce, ko 'ya'yan su zube, ko su tsaya ƙanana su ƙi girma. Dormex kuwa guba ne sosai, yana ƙona fata, yana da mugun haɗari ga wanda ya sha giya kafin feshi ko bayansa, kuma Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2008. Ba abin kawowa gidan haya ba ne inda yara ke wasa, ga kaji, ga rijiya. Wani maganin rage girma mai suna Alar, da ya yi tashe a gonakin tuffa na Amurka, an daina amfani da shi a kan abinci tun 1989 saboda tsoron cutar daji.

Bishiyata ta huɗu, wani mai shagon maganin feshi ne ya ɗura min fakulobutarazol a wata 'yar kwalba ba takarda, ya ce, “Alhaji, murfi biyu a gindi, ka zo ka ba ni labari.” Na zuba wa dashen da bai cika shekara biyu ba. Garin neman ƙiba aka samo rama. Ganyen ya cure wuri ɗaya kamar kabeji, ya yi kauri, reshe ya ƙi ƙara ko taƙi. Maganin na daɗewa a cikin ƙasa, a duro kuma ba inda za shi. Sai da na zazzage ƙasar duka, na wanke saiwar, na sake mata sabuwa, kuma har yau ba ta kamo 'yan uwanta ba. Maganin an yi shi ne don babbar bishiyar da girma ya yi wa yawa, ba jaririya ba.

In har gonarka ta kai ta sai an yi feshi, kamar mai bishiya ɗari a Jos, sayi mai takarda da lambar rajista, bi ma'aunin da ke jiki, sa safar hannu da takunkumi, nemi malamin gona ya tsaya a kai, kuma gwada a kan bishiya biyu ka bar sauran har ka ga sakamako.

Abu na ƙarshe da za ka tanada shi ne littafi. Rubuta ranar da ka rage ruwa, ranar da ka zage ganye, ranar da ido na farko ya fashe, yawan furen kowace bishiya, da 'ya'ya nawa ka bari. Ba wanda ya tsara wa Legas kalandar tuffa, kai za ka haɗa taka. In bana ganye kawai ka samu, baɗi ƙara mako biyu kafin ka zage. In idanun suka ƙi motsi har bayan mako shida, ka makara ne, baɗi ka zage da wuri fiye da bana, ka kuma tsaga ɓawo sama da idanun da suka fi ƙiba tun ranar zagewa.